Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Rediyo Mai Gurnani

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga Gusau ta fito. Mai tambayar ya gaji wata Pioneer SX-780 daga mahaifinsa, irin rediyon nan mai haɗe da amfilifaya da ake jona wa manyan lasifika. Ya ce da ya kunna ta sai ta kama gurnani "buuu" ba ƙaƙƙautawa, wani mai gyara kuma ya ba shi shawarar a kwashe kayan cikinta a sa sabon allon lantarki.

Allah ya jiƙan Baba. Amma Malam, kada ka yarda tukuna. Wannan na'ura ƙirar Japan ce ta wajen 1978, kuma in aka kwashe cikinta, akwatin kawai ka gada. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: cire duk wayoyin da aka jona mata ta baya, ka bar na lasifika kaɗai, sannan ka rage murya har ƙasa. In gurnanin ya ɗauke, galibi daga waje yake shigowa, wataƙila wata waya ce ta lalace ko cajar waya ce a kusa. In kuwa yana nan daram a lasifika biyun, to zargina ya fi ƙarfi a kan manyan kafasito ɗin nan, wato ƴan gwangwanayen da ke tara wuta, da ke kusa da tiransifoma.

Dalili shi ne, wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Bayan na'urar ta miƙar da ita, sai ta rage da ɗan tsalle sau 100, kuma aikin kafasito ne ya shanye wannan tsallen. Akwai ruwa-ruwa a cikinsu, shekaru na busar da shi, zafi kuma na gaggauta abin: masu ƙera su na lissafin duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. To ka auna shekara arba'in da ɗoriya a zafin Gusau. A duba ko kansu ya kumbura ko sun yi yoyo. A canza su da masu lamba ɗaya, ƙarfin wutar da suke jurewa kada ya gaza na tsofaffin, kuma kada a juya ƙafafunsu, don sukan fashe. Ina jan kunne: ko an zare soket suna riƙe da wuta, kada ka sa hannu da kanka.

Hajiya daga Maraɗi ta ce rediyonta ƙirar Sansui tana ƙaras-ƙaras duk sanda ta murɗa maɓallin murya, wani lokaci gefe ɗaya ya ɗauke. Hajiya, kwantar da hankalinki, taki mai sauƙi ce. Ƙurar hunturu ce da tsatsa. A fesa maganin wanke maɓallan lantarki ta ƴar kafar da ke jikin maɓallin daga ciki, a murɗa shi sau talatin ko fiye, na'urar a kashe. A yi wa sauran makunnan haka. Ban da kananzir, ban da bakin mai. Na sha ganin inda aka kashe maɓalli da su.

Ta uku daga Kaduna, ita ce mai ɗan wuya. Ya ce lasifikar hagu tana "tas! tas!" kamar ana suyar gugguru, ko bai taɓa komai ba, musamman in na'urar ta ɗau ɗumi. Ɗan'uwa, fara sauya wa lasifikan wuri. In ƙarar ta bi lasifikar, ita ce mai laifi. In ta tsaya a wayar hagu, ciwon na ciki. Mai gyara ya ƙwanƙwasa allon a hankali da tsinken katako, don dalmar da ta tsage takan tona kanta. In ba nan ba, a nemi ƙananan taransisto masu lamba 2SC458 ko 2SA726. Masu gyaran kayan wancan zamani sun san su da wannan hali, sau da yawa ma za ka ga ƙafafunsu sun yi baƙi. Ana maye gurbinsu da KSC1845 da KSA992, bayan an tabbatar da jerin ƙafafun.

Sai wani daga Yamai da ya ce tasa lafiya lau take, sai ya jona garmaho take fara gurnani. Malam, leƙa bayan garmahon, akwai siririyar waya ta uku da ke reto. Ɗaure ta a ƙusar da aka rubuta wa GND a bayan rediyon, ka sa faifanka.