Wadda duka ya kora daga ɗakinta, ina za ta kwana?

Rabi: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga birnin Yamai. Malam Issufu, yau maganarmu ta shafi matan da dukan miji ya raba da ɗakunansu. A daren da mace ta fito da goyo a baya, ko takalmi babu, ina za ta kwana?

Issufu: Hajiya, a da amsar a fili take, domin yaji za ta yi, ta zauna gidan ubanta har miji ya aiko biko, manya su ja masa kunne. Amma wadda aka auro daga ƙauyukan Tawa aka kawo ta unguwar Talladje ko Harobanda a nan Yamai, tsakaninta da gidan uba akwai fiye da kilomita 500, kuɗin motar kuma yana aljihun wanda ya doke ta.

Rabi: Ko ta isa, sau da yawa abin da za ta ji shi ne ta yi haƙuri, aure ibada ne, bayan kwana biyu a mayar da ita. Idan kuwa ta nemi ɗakin haya, mai gida zai ce sai ta biya kuɗin watanni tun kafin ta shiga, wani ma ya ce ba ya ba macen da ba ta da miji, alhali gadon da uwarta ta saya mata da kwanukanta suna can bayan ƙofar da aka kulle.

Issufu: Abin da ke ci mini rai shi ne, addinin da ake fakewa da shi bai yarda da haka ba. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta kafin ta gama idda. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 1999, amma ta togace wasu sassa, kuma da yake ƙasar ba ta da kundin dokar iyali, aure da saki yawanci al'ada ce ke yanke su.

Rabi: Shi ya sa ɗaki kaɗai bai wadatar ba, Malam. Tana buƙatar wanda zai raka ta likita a rubuta takardar shaidar raunukanta kafin su warke, da wanda zai tsaya mata a gaban ƴan sanda, da wanda zai karɓo mata katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara, domin kada karatunsu ya tsaya. Ƙungiyoyi irin su SOS FEVVF, mai taimakon mata da yaran da ake cin zarafinsu a cikin gida, suna ƙoƙari a nan Yamai, amma aikin ya fi ƙarfin ƙungiya guda.

Issufu: To me unguwa za ta iya yi?

Rabi: Mai unguwa da limami su zaɓi gidan dattijuwar da kowa ke jin nauyinta ya zama mafaka, mata su san shi, ƴan adashi su ware abin cefane da kuɗin mota, kuma a hana mijin zuwa ƙofar gidan sai tare da manya.