Na zo sabunta lasisi, na tsinci kaina a mol ɗin Southdale

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina garin Edina ne, nan kudu da Minneapolis a jihar Minnesota, kuma wallahi abin da ya sa na kunna kyamarar nan mamaki ne. Lasisin tuƙina ya kusa ƙarewa, na sa adireshin ofishin gundumar Hennepin a waya, taswira ta yi ta jana har ta ajiye ni a bakin wani katafaren rukunin kantuna. Ashe ofishin gwamnatin a cikin mol ɗin yake! Ka karɓi lambarka ka zauna, can gefe ana sayar da takalma, ƙamshin kofi na bugun hancinka. Abin ya burge ni sosai.

Sunan wurin Southdale Center. Ku dubi ginin nan da kyau, don ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin Amurka. A watan Oktoban 1956 aka buɗe shi, kuma shi ake lissafawa a matsayin mol na farko a ƙasar nan da aka rufe ruf da rufi ɗaya, ana sarrafa zafi da sanyin cikinsa. Duk waɗannan mol-mol ɗin da kuke gani a Dubai da Landan, nan ne gidan kakansu. Iyalan Dayton, masu babban kanti a Minneapolis, su suka zuba kuɗin, kimanin dala miliyan 20 a wancan zamanin, aka fara da shaguna 72. Waɗannan Dayton ɗin dai su ne suka kafa babban kamfanin kantunan nan Target a 1962, to kun ga ba yaran kasuwa ba ne.

Sai ka taɓa yin hunturu a Minnesota za ka gane hikimar rufin nan. A watan Janairu, numfashinka kansa daskarewa yake a gashin baki. Sai ga wani gini da aka ce kullum cikinsa kamar bazara, wajen digiri 24. Nan tsakiyar da nake tsaye, a da lambu ne, akwai itatuwa, da tafkin kifaye, da wani dogon kejin tsuntsaye, mutane na zaune suna shan shayi ana zuba dusar ƙanƙara a waje. Har yau in ka zo da sassafe za ka tarar da tsofaffi da fararen takalmansu suna zagaye, bibbiyu, suna tafe suna hira. Wata dattijuwa ta wuce ni ɗazu tana jan ƙaramar tukunyar iskar numfashi a kan taya, amma ba ta fasa zagayenta ba. Sai da ta sa na ji kewar kakata.

Mutumin da ya zana ginin, Victor Gruen, shi ma baƙo ne irinmu. Bayahude ne ɗan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya gudo a 1938 lokacin da 'yan Nazi suka mamaye ƙasarsu. Kewar garinsu ce ta dame shi. Yana son wurin da mutane za su sauka daga mota su yi tafiya a ƙafa, su haɗu, su gaisa. A tsarinsa har da gidajen zama da makaranta da asibiti kewaye da kantunan. Amma abin da ƙasar ta kwaikwaya daga gare shi kantunan ne kawai da filin faka motoci. Ransa ya ɓaci, ya koma Biyana, kuma a 1978 ya fito fili ya nesanta kansa da irin waɗannan gine-ginen. Ya rasu a 1980. Ni kam na fahimci mutumin nan, duk wanda ya bar gida ya san wannan ciwon.

To ga inda labarin ya fi kama ni, wato kantunan da ke haya a cikin mol ɗin. Manyan kantuna biyu aka fara da su, Dayton's da Donaldson's, kishiyoyin juna a gini ɗaya. Ina suke yanzu? Dayton's ya koma Marshall Field's a 2001, a 2006 kuma aka sauke allon aka sa Macy's, shi ne wancan da kuke hange. Tsofaffin garin nan har gobe Dayton's suke ce masa. Ɓangaren Donaldson's kuwa ya ga masu gida kala-kala: Carson Pirie Scott ya shiga ya fita, Mervyn's ya shiga ya rufe a 2004, wurin ya daɗe a kulle, Herberger's ya zo a 2011, uwar kamfaninsa ta karye a 2018. JCPenney da ya shigo tun 1972, shi ma ya tattara a 2017. Ga Mall of America da aka buɗe a Bloomington a 1992, tafiyar 'yan mintuna daga nan, ya kwashe jama'a. Sannan sayayya ta intanet ta zo ta ƙarasa sauran.

Nan ne nake ɗan ɗaga kafaɗa. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, sama da shekara 500, za ka samu mutum a rumfar da ya gada daga kakansa. A nan kuwa kanti ya shekara 40 sai ka ji ana ta jinjina masa.

Amma in faɗi gaskiya, yadda wurin nan ya ƙi mutuwa ya cancanci yabo. Inda JCPenney yake, yanzu katafaren wajen motsa jiki ne na Life Time, aka buɗe a 2019, har da wurin ninkaya a saman rufi. Inda Herberger's yake, Kowalski's ya shigo a 2024 yana sayar da kayan cefane. Ga silima, ga ofishin gwamnati, kuma a filin faka motocin da a da ba komai sai kwalta, an gina otal da gidajen haya. Duk abubuwan da ba ka iya yin odarsu a waya ne. Kusan abin da Gruen ya so ke nan tun farko, sai dai bai rayu ya gani ba.

Kofin nan da ke hannuna dala 6 ne, kar ku tambaye ni nawa ne a naira. Amma wannan rigar sanyin da ragi na same ta, dala 45, kuma a Minnesota ba a cajin harajin sayayya a kan tufafi, farashin da ke rubuce a jikin rigar shi za ka biya.

Sabon zuwa, ina ja maka kunne. In mai karɓar kuɗi ta yi maka murmushi ta ce ka buɗe katin bashi na kanti a rage maka farashi yau, ka ce mata na gode ka wuce. Ruwan da ke kan irin katin nan na kai wa kusan kashi 30 cikin ɗari, na ga ɗan uwanmu da ya shekara yana biyan kuɗin takalmin da tuni ya yage. Sannan kafin ka shigo, ka ɗauki hoton ƙofar da ka faka a kusa da ita. Neman mota cikin iskar Janairu ba wasa ba ne, yatsunka sai su daina jin makulli. Bari in hau sama in nuna muku ɓangaren abinci, ku biyo ni.