Yadda Ake Rarrabe Ƙananan Dabbobi Marasa Ƙashin Baya

Masu kallo, fiye da kashi 90 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka sani a duniya ba su da ƙashin baya, kuma masana ba sa rarrabe su bisa girma ko kamanni, sai dai bisa tsarin jiki, ciki har da hanyar da abinci yake bi bayan ya shiga.

Mu fara da soson teku, wato rukunin Forifera. Yana manne da dutse, ba shi da baki, ba shi da hanji. Ruwa ne yake ratsa ƙananan ramukan jikinsa, ƙwayoyin halittarsa kuma su tace abin ci daga ciki. Sai rukunin Nidariya, inda murjani yake tare da halittar nan mai laushi mai siffar laima da ke yawo a teku. Waɗannan suna da ciki, amma ƙofarsa ɗaya ce tak, ta nan abinci yake shiga, ta nan kuma ragowarsa take fita.

Tsutsotsi masu faɗin jiki sun fi shafarmu, domin tsila tana cikinsu. Abin mamaki game da ita shi ne ba ta da hanji ko kaɗan, tunda a cikin hanjin mutum take zaune tana tsotsar narkakken abinci ta fatarta, kuma sau da yawa naman shanun da bai dahu sosai ba ne yake shigar da ita. 'Yar'uwarta ce take jawo tsargiya, wadda sai ta yi zango a jikin katantanwar ruwa kafin ta huda fatar yaron da ke wanka a tafki.

A wajen mulmulallun tsutsotsi, wato Nematoda, hanji yana da ƙofa biyu, baki da dubura, saboda haka abinci yana bin hanya ɗaya ba ya komowa. Macijin ciki da kurkunu duk nan suke. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu, ko da yake har yanzu ana samunsa a Chadi.

Tana, wato tsutsar nan ta cikin ƙasa, da matsattsaku kuwa na rukunin Anelida ne, masu jiki gaɓa-gaɓa. Tana har jijiyoyin jini gare ta, tana numfashi ta danshin fatarta, kuma ramukan da take haƙawa su ne suke shigar da iska da ruwa cikin ƙasar gona.