Tsakaninka da Maƙwabcinka, Wa Zai Fara Zuwa?

[Hoto: ƙofofi biyu kusa da juna, duk a rufe]

Kwanakin nan tambaya guda ake ta yi mana: "Shi ya ɓata mini, kuma a ce ni zan je wurinsa?" Wasu sun ɗauka sulhun Kirista shi ne ka haɗiye komai ka yi shiru. Wasu kuma sun ce suna son sulhu, amma sai mai laifi ya tako da ƙafarsa. Duka biyun sun tsallake mataki ɗaya, kuma a kansa za mu tsaya yau.

Farkon maganar kowa ya sani. A Huɗubar Kan Dutse, Matiyu 5:9, Yesu ya sa wa masu ƙulla sulhu albarka, ya ce za a kira su 'ya'yan Allah. Mu ɗan sauka ƙasa zuwa aya ta 23 da ta 24.

[Hoto: taswirar Galili da Urushalima]

Yesu ya ce idan ka kawo baikonka gaban bagade, sai ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon nan, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo. Ku lura da kyau. Ɗan'uwan ne ke jin haushi. Kai ne ake ƙullace da kai, watakila ma kana ganin ba ka yi komai ba. Duk da haka kai aka ce ka tashi.

Yanzu ku dubi taswirar. A Galili ake wannan huɗuba, bagaden kuwa yana Haikali a Urushalima, tafiyar kusan kwana uku a ƙasa. Mutum ya sha rana da ƙura, ya ja dabbarsa har cikin Haikali, layi ya zo kansa, sai a ce masa ya ɗaure ta nan ya koma gida ya nemi wanda suke gaba. Ina jin masu sauraro sun kalli juna a ranar. Kwana uku komawa, kwana uku dawowa, dabba tana jira.

To, wani zai ce wannan ai na wanda ya yi laifi ne. Mu buɗe Matiyu 18:15. A nan an juya maganar: idan ɗan'uwanka ne ya yi maka laifi, ka je ka nuna masa, daga kai sai shi. Kun gani? Kai ka ɓata, kai za ka je. Kai aka ɓata wa, kai ne dai za ka je. Ko ta ina ka bi, ba a bar maka kujerar zaman jira ba.

Wannan ayar ita ce amsar masu cewa sulhu shiru ne. An ce ka nuna masa laifinsa. Ka faɗa masa abin da ya yi, da yadda ya yi maka ciwo, ido da ido. Abin da aka hana shi ne ka faɗa wa kowa ban da shi. Gaskiya wannan ne ya fi damuna. Sai ka ga mutum goma sun ji labarin, an yi ta tura saƙo a waya, wanda ake magana a kansa kuwa ba a taɓa zama da shi ko na minti biyar ba. Sai idan ya ƙi ji ne za ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, bayan haka ikilisiya. Mu kan fara daga ƙarshe.

[Hotunan tarihi, a jere]

Tsakanin ƙasashe ma haka abin yake, sai wani ya tako. A Disamban 1978 Ajantina da Chile suna gab da yaƙi a kan tsibiran mashigin Beagle. Fafaroma John Paul na Biyu ya aika Kadinal Antonio Samorè, ya yi ta kai da kawowa tsakanin manyan biranen biyu, daga baya aka sa hannu a yarjejeniya a 1984. A Mozambik, ƙungiyar 'yan Katolika mai suna Sant'Egidio ta zaunar da gwamnati da 'yan tawayen Renamo a Roma sama da shekara biyu, aka ƙulla zaman lafiya ranar 4 ga Oktoba, 1992. A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sulhu da Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta bayan mulkin wariyar launin fata ba ta yi wa kowa afuwa ba sai ya fito ya faɗi duk abin da ya aikata.

[Bidiyo: Fadar Vatican, Afrilu 2019. A bar shi ya yi tafiya]

Wannan kuma Fafaroma Francis ne, yana da shekara 82. Ku dubi yadda ya durƙusa da ƙyar, sai da aka tallafa masa, ya sumbaci ƙafafun shugaban Sudan ta Kudu Salva Kiir da abokin hamayyarsa Riek Machar yana roƙonsu su riƙe zaman lafiya a ƙasarsu. Ba shi ya harba ko harsashi ɗaya a yaƙin ba. Duk lokacin da na kalli wannan wuri sai jikina ya yi sanyi.

Rikicin ƙasar bai kau a ranar ba, har yanzu ana fama. Kai ma kana iya zuwa a rufe maka ƙofa. Bulus ya san da haka, shi ya sa a Romawa 12:18 ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunku, ku zauna lafiya da kowa. Amsar maƙwabcinka tana hannunsa. Idan kuma mutumin mai cutarwa ne har kana tsoron lafiyarka, kada ka je kai kaɗai, ka nemi wanda zai raka ka.

[Hoto: ƙofofin farko. Hannu yana ƙwanƙwasa ɗaya]