Fom ɗin da ɗalibai ke cikewa, da makomar malami baƙar fata a jami'o'in Amurka

Assalamu alaikum. 'Yan uwa malamai, musamman masu shirin tafiya koyarwa Amurka, ku ba ni aron kunnuwanku. Wariyar da ake nuna wa malami baƙar fata a can ba kasafai take zuwa da zagi ba. A takarda take zuwa.

Duk ƙarshen zangon karatu ana ba ɗalibai fom su auna malaminsu, galibi daga maki ɗaya zuwa biyar, kuma ba sa sa suna. Mutumin da ya taso Najeriya ko Ghana, da Turanci ya yi karatu tun firamare, sai ya buɗe ya tarar an rubuta wai ba a gane maganarsa. To, kada ya yi saurin zargin bakinsa. A 1992 Donald Rubin na Jami'ar Jojiya ya kunna wa ɗalibai lacca ɗaya da muryar wata haifaffiyar Amurka. Wasu ya nuna musu hoton Baturiya, wasu hoton 'yar Asiya. Waɗanda suka ga 'yar Asiyar suka ce sun ji baƙon lafazi, kuma da aka gwada su, abin da suka kama bai kai na sauran ba. Ido ne ya toshe kunne.

Makin nan kuwa ba a aljihun tebur yake kwana ba. Wajen shekara ta shida kwamiti zai zauna kan fayil ɗinka don ba ka kujerar dindindin, ya ɗauko shi. Ko ƙungiyar masana zamantakewa ta Amurka a 2019 ta gargaɗi jami'o'i kan dogaro da shi. Ga baƙo abin ya fi ciwo, domin mai bizar aiki ta H-1B in ya rasa aiki, abin da bai wuce kwana 60 ba ne a hannunsa ya sami wani aikin ko ya bar ƙasar.

Saboda haka tun shekarar farko ka roƙi wani babban malami ya zauna a ajinka, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu. Duk maganar da shugaban sashe ya faɗa maka da baki, ka mayar masa da ita ta imel a ranar, don ta sami kwanan wata.

Dokar kare haƙƙi ta 1964 ta hana wariya a wurin aiki kan launin fata da asalin ƙasa. Amma kai ƙara EEOC, hukumar da ke karɓar ƙorafin wariya a wurin aiki, yana da wa'adi: kwana 180 daga ranar da aka yi maka wariyar, a jihohi da yawa 300. A nan mutanenmu ke faɗuwa, wallahi. Suna zaune suna jiran kwamitin cikin jami'a ya gama bincike, alhali wannan jiran ba ya tsayar da ƙirgen kwanakin.