Kayan Ɗan Uwanmu na Tsare a Tashar Hambug

Rahoton asusunmu, mu mazauna Jamus da muka taru a wannan zama, yana nan a takarda, kowa ya duba a gida. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Ɗan uwanmu da ya ranci kuɗi a asusun nan bara, ba sai na kira suna ba, yana zaune cikinmu. Ya aika Mai'adua aka auno masa wake, ya haɗa da kilishi da ƙuli-ƙuli don a kawo masa nan Jamus, wani ejan a Legas ya ce masa ya kwantar da hankalinsa. To, ga kaya can a tsare a tashar jirgin ruwa, kuɗin ajiya na hawa kansa kullum, kuma an ce lalata su za a yi, shi zai biya kuɗin lalatawar.

Jama'a, tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya saboda fiya-fiyar da ake zuba masa. Nama kuwa, ko a jakar hannu ba a yarda ba, balle a kwantena. Gyaɗa sai an gwada ta saboda gubar fumfuna. Duk muna nan Jamus shekara da shekaru, amma ba wanda ya gaya masa. Ni ma ban gaya masa ba, don sai da kaya suka taso na ji.

Mun saba a ɗora buhu a mota, a tsallaka Kwangwalam, kafin la'asar an sauke a Damagaram, magana ta fatar baki ta isa. Nan takarda ake tambaya. Rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya, fom ɗin NXP na bayyana kayan da za a fitar, wanda ake cikewa ta banki, takardar lafiyar amfanin gona, sannan lambar EORI ta rajistar masu shigo da kaya Turai daga kwastan na nan. Shi ko ɗaya ba shi da ita a hannunsa.

Abin takaicin ma, ga zoɓo! Shagunan Jamusawa cike da ganyen shayi mai zoɓo, mu kuma a gefen gona muke shuka shi. Mu jikokin fataken da suka je Gwanja da ƙafa, a ce haɗa kai mu biyar mu fara aiko samfur, mu samu mai saye ya rubuta mana oda kafin mu auna ko tiya ɗaya, ya gagare mu? Wallahi ni ma ina marmarin ɗanwaken gida da man ƙuli, amma marmari bai isa a zuba jari ba.

Kuɗin wata, mutum tara ba su biya ba, sun san kansu. Batun zauren sallar idi sai zama na gaba.

Mu koma kan ɗan uwanmu. Ina roƙon a ɗaga masa biyan bashin wata shida, kuma mai jin Jamusanci sosai ya raka shi ofishin kwastan ranar Litinin. Baba Alhaji, kai ne babba, a ba mu izini Hajiya ta zagaya da kwano yanzu, kafin mutane su fara zamewa.