Mako Guda a Oxford: Wa Yake Samu, Wa Yake Rasawa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu Birtaniya, inda manyan jami'o'in ƙasar suka kwashe fiye da shekara ashirin suna bin haziƙan ɗaliban makarantun gwamnati, suna lallashinsu su nemi gurbin karatu. Wani zai ce, yaushe Oxford ta fara neman ɗalibi? Ai ita ake nema ruwa a jallo. To, ga yadda aka yi.

A Birtaniya, kusan yara 7 cikin 100 ne ke zuwa makarantar kuɗi. Sauran duk a ta gwamnati suke. Amma idan ka leƙa manyan kujeru sai lissafin ya juye. Wani rahoto na 2019 ya nuna kashi 65 cikin 100 na manyan alƙalan ƙasar makarantar kuɗi suka yi, kuma Eton, shahararriyar makarantar kuɗi, ita kaɗai ta yaye firaminista 20. Hanyar zuwa waɗannan kujeru kuwa galibi ta Oxford ko Cambridge take bi. A watan Disamba na 2018 gidauniyar Sutton Trust ta fitar da alƙaluman da suka tayar da ƙura: cikin shekara uku, makarantu takwas kacal sun tura ɗalibai 1,310 zuwa jami'o'in biyu, yayin da makarantu 2,894 a haɗe suka tura 1,220.

Ƙorafin ya daɗe. A shekarar 2000 wata kwaleji a Oxford ta ƙi ɗaukar wata haziƙar yarinya daga makarantar gwamnati a arewa maso gabashin Ingila, wadda ta nemi karatun likita. Gordon Brown, yana ministan kuɗi a lokacin, ya fito ya ce abin kunya ne, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu, yarinyar kuma ta wuce Harvard a Amurka. Shekara uku kafin nan, a 1997, wani attajiri mai suna Peter Lampl, wanda shi ma daga makarantar gwamnati ya shiga Oxford, ya zuba kuɗinsa aka shirya karatun hutun bazara na farko a jami'ar domin 'ya'yan talakawa. Daga nan gidauniyar Sutton Trust ta samo asali. A 2010 Oxford ta kafa nata shirin mai suna UNIQ, wanda daga 2019 aka ƙara gurabensa zuwa 1,350 a shekara.

Me ake yi a shirin? Ana ɗauko yaro ɗan shekara 16 ko 17, wanda ke shekarar farko ta karatun A-level, wato shekara biyun ƙarshe na sakandare kafin jami'a, a biya masa kuɗin jirgin ƙasa, a ba shi ɗaki a cikin kwaleji, ya ci abinci a dogon teburin nan da ɗaliban jami'ar ke ci, ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba. Da rana ya shiga lacca a fannin da yake so. Sannan a zaunar da shi a ƙaramin rukuni gaban malami, a miƙa masa wani lissafi ko wani rubutu da bai taɓa gani ba, a ce to, bismillah, yi tunaninka a fili mu ji. Nan ne gumi ke karyo wa yaro. Ya saba idan bai tabbatar da amsa ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Malamin Oxford kuwa ba amsar ce ta dame shi ba, so yake ya ji yadda za ka lalubo ta, ya kuma ga abin da za ka yi idan ya ce maka ka kuskure. Haka intabiyun shiga jami'ar take a watan Disamba, kuma ɗan makarantar kuɗi ya sha gwajinta a makarantarsu kafin ranar.

A ganina, wannan shi ne ainihin abin da shirin ke bayarwa. Ba ya ƙara wa yaro basira, da abarsa ya zo. Sanin hanya yake ba shi. Cewa ranar 15 ga Oktoba ake rufe neman gurbi a jami'o'in biyu, watanni kafin sauran jami'o'i. Cewa ba a neman Oxford da Cambridge a shekara ɗaya, sai dai ka zaɓi guda. Cewa fannoni da dama suna da jarrabawar shiga ta musamman, wadda dole ka yi rajistarta da wuri. A gidan da uba da kaka suka yi jami'ar, ana jin waɗannan a hirar cin abinci. A gidan direban bas kuwa, wa zai faɗa maka? Yara da yawa masu sakamakon da ya isa ba sa ma cike fom, domin sun riga sun sa a ransu cewa wurin na shafaffu da mai ne.

Kada a ɗauka jami'o'in don Allah kaɗai suke yi. A Ingila, jami'ar da ke son karɓar cikakken kuɗin makaranta, wanda ya tsaya a kan fam 9,250 a shekara daga 2017 zuwa 2025, sai ta gabatar wa hukumar kula da jami'o'i tsarin yadda za ta jawo 'ya'yan marasa galihu. Ba tsari, ba cikakken kuɗi. Kuma an ga canji. Cikin 'yan ƙasa da Oxford ta ɗauka, kason 'yan makarantar gwamnati ya tashi daga kashi 58 a 2016 zuwa sama da kashi 68 a 2020, na Cambridge kuma ya haura kashi 70.

Sai dai a nan ne nake so mu yi hattara, domin makarantar gwamnati suna ce ta tara. A Ingila akwai makarantun gwamnati 163 da ake kira grammar, waɗanda sai yaro ya ci jarrabawa yana ɗan shekara 11 suke ɗaukarsa, kuma masu hali su ke iya biyan malamin lesin ya shirya musu 'ya'ya. Akwai kuma waɗanda ke unguwannin da talaka ba ya iya kama haya. Cikin makarantu takwas ɗin nan da na ambata, biyu na gwamnati ne, Hills Road a garin Cambridge da Peter Symonds a Winchester. Ana yawan buga misali da Brampton Manor da ke gabashin Landan, unguwar talakawa da baƙi, wadda a 2021 ɗalibanta 55 suka samu tayin gurbi a jami'o'in biyu, Eton kuma 48. Abin jinjina ne, babu shakka. Amma ita ma tace ɗalibai take yi kafin ta ɗauke su ajin A-level, kuma a Landan take. Yaron da ke wani ƙaramin gari a bakin teku a arewacin Ingila, inda makarantarsu ba ta ma koyar da zurfafan darasin lissafi, labarin bai shafe shi ba. Shi ya sa da Cambridge ta ce a 2024 za ta daina sa wa kanta adadin 'yan makarantar gwamnati, ta koma duba halin gidan da yaro ya fito, ban bi sahun masu yi mata ca ba. Ko yaro na cin abincin makaranta na kyauta saboda talauci, ko ya tashi a hannun hukuma, ko shi ne na farko a gidansu da zai shiga jami'a, waɗannan sun fi sunan makaranta faɗin gaskiya. Sharaɗin dai ta riƙa fitar da alƙaluman kowa ya gani.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Shirin na karɓar wanda ya riga ya ci jarrabawar GCSE, wadda ake yi ana shekara 16, da kyau ne. Binciken Sutton Trust na 2015 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na yara maza 'ya'yan talakawa da ke sahun gaba suna 'yan shekara 11, kafin su kai 16 sun zame daga sahun. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mako guda a shekara ta 17 ba zai dawo da wanda ya sulale tun yana 13 ba. Jami'o'in sun gane haka, shi ya sa Cambridge a 2022, Oxford kuma a 2023, suka buɗe shekarar sharar fage kyauta, inda ake karɓar sakamakon B uku maimakon jerin A. Amma gurbi kusan 50 ne a kowace jami'a, a inda kowacce ke ɗaukar sama da 3,000 a shekara.

Iyayen da ke biyan makarantar kuɗi su ma suna kuka, wai ana danne 'ya'yansu. Ban ga dannewa a nan ba. Shiga UNIQ ba ya ba yaro gurbi, sai ya zauna jarrabawa ya yi intabiyu kamar kowa. Kuma wani binciken hukumar jami'o'in Ingila na 2014 ya nuna cewa idan sakamakon A-level ɗinsu ɗaya ne, ɗan makarantar gwamnati ya fi fita da digiri mai kyau.

Ga masu sauraronmu mazauna Birtaniya da 'ya'yansu ke makarantar gwamnati, akwai kuma shirin Target Oxbridge, wanda aka kafa a 2012 domin ɗalibai baƙar fata 'yan asalin Afirka da yankin Karibiyan. Duk waɗannan shirye-shirye kyauta ne, na ɗaliban da ke karatu a cikin ƙasar ne, kuma ana cike fom ɗinsu watanni kafin hutun bazara. Idan yaro ya shiga shekarar farko ta A-level, a tuntuɓi malamin ajinsa tun a zangon farko.